Famfon Surukin Yayana

Kowa ya shigo shagona magana ɗaya ce a bakinsa: "Zulai, a sa mini wanda zai riƙe gam." Manomi ya faɗa, ɗan acaɓa ya faɗa, uwar 'yan makaranta ta faɗa. A ganinsu aikin maɓalli riƙewa ne, shi ke nan. To ba haka ba ne. In riƙewa kaɗai kake so, me ya kawo ka wurina? Ka yi ƙulli mana, kyauta ne, da shi ake ɗaure sa ya kwana a turke. Maɓalli ana yin sa ne saboda ranar da za ka so kaya ya rabu da jikinka yanzu-yanzu, da hannu ɗaya, hannun ma a jiƙe, hankalinka kuma a tashe. Riƙewa rabin aiki ne, kuma shi ne rabin mai sauƙi.

Ku 'yan matan da iyayenku ke turowa koyon sana'a nake wa wannan bayani, don na gaji da maimaitawa da baki. Sai ku zo ku leƙa, ku ga igiya da zobe da keke, ku ce, "Anti, ai wannan kafin Juma'a mun iya." Ɗinka igiya a zobe kam, kafin la'asar ma kun iya. Sauran ne ke cin shekaru.

Ni ma ba da niyya na shigo ba. Na gama sakandare, sakamakon bai kai ni ko'ina ba, zaman gida kuma ba ya karɓa ta. Aka kai ni wurin tela na gudo, don ba zan iya wuni ina sauraron gardama kan wuyan riga ba. Sai Innarmu ta yi wa maƙwabcinmu Baba Rasaki magana. Bayarabe ne, amma a nan Funtuwa aka binne cibiyarsa, aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifinsa. Shagonsa na bakin hanyar tasha, yana gyaran jakunkuna da tamfol da bel, duk dai abin da ke da igiya da maɓalli. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ranar da ya ga yadda nake juya keke kamar ana kora ta, ya raɗa mini suna Hajiya Sauri, har yau bai janye ba.

Aikin farko da ya ba ni ba ɗinki ba ne. Wani tsohon daro ya jawo daga ƙarƙashin tebur, cike da matattun maɓallai: na roba, na ƙarfe, kawunan bel, ƙugiyoyi, na jakar makaranta, na hular kwano. Ya ce, "Hajiya Sauri, ga gawarwaki nan. Kowace ki gaya mini abin da ya kashe ta."

Na ce, "Baba, ai karyewa suka yi."

Ya ce, "Madalla. Mutanen maƙabarta ma mutuwa suka yi. Abin da ya kashe su nake tambaya."

A bakin daron nan na yi karatun da ban yi a aji ba. Wannan rana ce ta cinye shi, robar ta yi fari ta bushe kamar ƙanzo. Wannan yashi ya shiga haƙoransa. Wannan tsatsa. Wannan an ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Wannan kuwa ba shi da laifi ko kaɗan, wanda ya ƙera shi ne ya bar bakin ƙarfe da kaifi har ya yanke igiyarsa. Da na gama da matattu sai ya kawo masu rai, ya sa na tsoma hannu a ruwan sabulu, na rufe ido, na riƙa buɗe su da hagu. Duk wanda ya ƙi buɗuwa sai ya ce a jefa shi daro, ko da sabo ne fil. Na yi ta tsaki. Ya ce in yi tsakina son raina, amma hannu kada ya tsaya.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba wanda zai burge ku. Akwai keken hannu mai huda fata da tamfol, da basilla, da filaya, da 'yar guduma, da guntun ƙarfen dogo wanda Baba ya gada muke dukan abu a kai, da kyandir na ƙona bakin igiya kada ta warware. Igiyar da ta fi kowace ita ce bel ɗin kujerar mota, wurin 'yan gwangwan nake tsinto ta, in wanke in shanya. Zobba maƙeri ne ke lanƙwasa mini daga rodi, mai walda ya haɗe bakin, ni kuma in zauna da magagari. Magagarin nan shi ne rabin rayuwata. Zobe sai na goge shi har in ja shi a gefen mayafina bai kama zare ba. Mayafaina duk sun shaida, Inna har ta daina yi mini faɗa.

Masu kawo aiki kuwa, kowa da irin tasa. Wani Alhaji mai sayen hatsi ya kawo bel ɗinsa ya ce ya tsuke, wai fatar ba ta da kyau. Na ce, "Alhaji, bel ba ya tsukewa, kaka ce ta yi albarka." Baba ya harare ni, Alhajin kuwa ya yi dariya har hularsa ta karkace, kuma har yau ni ke ƙara masa huda. 'Yan acaɓa na kawo igiyar ɗaure buhu, direbobin motar auduga na kawo ta tamfol. Kowanne sai na tambaye shi abu uku kafin in taɓa: me zai ɗauka, a ina zai wuni, kuma da wane hannu za ka buɗe? Wanda ya ce ina da yawan tambaya, ga hanya nan.

Amma abin da ya yi mini suna famfon feshi ne. Duk wanda ya san gonakin nan daga Funtuwa har Malumfashi ya san yanzu ba noma sai da feshi. Ciyawa feshi, auduga feshi, tumatirin Ɗanja feshi. Famfon tanki ne na roba da ake goyawa, in an cika shi nauyinsa ya kama na jarkar ruwa. Hagu na buga famfo, dama na riƙe da sandar feshi. Igiyar da yake zuwa da ita ba ta wuce damina guda, daga nan sai manomi ya samo igiyar guga ya ƙulle tamau.

Wani mai noman rani daga Ɗanja ne ya fara kawo mini nasa, igiyar a yanke. Santsi ya kwashe shi a bakin lambatu, ya faɗa ruf da ciki, tanki a cike ya danne shi, fuska cikin ruwan da bai kai gwiwa ba. Da lauje abokin aikinsa ya yanke ƙullin. Ya ce in ɗinka masa sabuwar igiya mai ƙarfi. Na ce igiya mai ƙarfi ce ta kusa kashe ka, Malam.

A kan tankinsa na ƙera maɓallina na farko. Na robar nan na kasuwa, mai kunne biyu da ake matsawa, ba ya yi. Sai da yatsa biyu busassu, in laka ta shiga ya cije, in nauyi ya ja shi ya ƙara cijewa. Ƙusa guda a cikin zobe guda ita ma ba ta yi, nauyin tanki duk a kanta yake, ko da filaya da ƙyar take fita. Sai na raba nauyin. Babban zobe ya ɗauki tanki, ƙaramin zobe ya ratsa ta cikinsa ya riƙe shi, ɗan tsinken ƙarfe kuma, irin wayar nan ta cikin ƙafar babur, ya riƙe ƙaramin. Kafin nauyi ya iso kan tsinke ya zama ba komai, ɗan yatsa ma ya zare shi. Na ɗaura wa tsinken jan ƙyalle a daidai ƙirji, inda hannu ke zuwa da kansa in mutum ya firgita. Ka ja, tanki ya bar ka nan take. Baba ya jiƙa hannu da sabulu ya rufe ido ya ja, tanki ya faɗi tim. Ya ce, "Hajiya Sauri, kin fara zama mutum." Wannan shi ne yabo mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Daminar nan ban huta ba.

Sai ga mummunar shekara. Taki ya gagari talaka, gonakin nesa kuma aka bar su saboda ba mai son zuwa inda in ka ji ƙarar babura sai ka nemi wurin ɓuya. Shago ya yi tsit. Jakar 'yan makaranta ce ta riƙe mu, Baba har gyaran lema ya koma. Manoma da yawa suka sayar da famfunansu suka sayi abinci. Da abubuwa suka ɗan lafa aka koma gona, sai ka tarar unguwa guda famfo ɗaya ne ke yawo gida-gida, yau a bayan wannan, gobe a bayan wancan.

Cikin waɗanda suka sayar har da yayana Sabi'u. Da damina ta zagayo ya shuka auduga a Tsiga, garin su matarsa Hinde, a gonar da mahaifinta Malam Iro ya ba shi aro. Famfon ma na Malam Iro ne. Yaya da kansa ya ɗauko shi a babur ya kawo mini, na sa masa sabuwar igiya da maɓallin da na fi gogewa. Na nuna masa jan ƙyallen na ce, "Yaya, in wani abu ya faru, wannan za ka ja." Ya ce ya ji.

Auduga ta fara fure aka yi mini waya aka ce Yaya na asibiti. Kafin in samu mota an wanke shi an sallame shi. Na same shi a gidansa a Tsiga kwance ruf da ciki a tabarma, bayansa tun daga wuya har ƙugu ya saɓule, Hinde na yi masa fifita. Murfin tankin ne ya saki yana tsakiyar gona, maganin ƙwari ya kwararo masa ta wuyan riga. Na juya na ga famfon a jingine da bango, an wanke shi tas, ko ƙwarzane babu. Na duba maɓallina. An naɗe shi da tsagin robar tayar keke, an zagaya an zagaya, jan ƙyallen ma an cusa shi ciki an ɗaure.

Na ce, "Yaya, wa ya naɗe wannan?"

Ya ce, "Ni ne."

"Don me?"

"Kada ya ɓalle da kansa."

"Ya taɓa ɓallewa da kansa?"

"Bai taɓa ba. Amma kin san famfon waye kuwa?"

Ashe da maganin ya zubo masa, bai tsaya ba. Takawa ya yi a hankali tun daga tsakiyar gona har bakin iyaka inda akwai wani kututture, ya juya ya ɗora tankin a kai, sannan ya zame kafaɗunsa daga igiya da ƙyar, robar na nan a naɗe. Duk wannan lokacin magani na cin fatarsa.

Na ce, "Da ba ka naɗe ba, da ja ɗaya ya ishe ka."

Ya ce, "Zulai, ko ban naɗe ba ba zan ja ba. In ja, tankin surukina ya faɗi ya fashe? Mutumin da ya ba ni 'ya, ya ba ni gona, ya ba ni famfo? Da wane ido zan kalle shi?"

Na ce, "Da wanda kake kallon tabarma da shi yanzu."

Hinde ta ce, "Gaya masa dai. Ni da na faɗa cewa ya yi ban san girman mahaifina ba. Wai ni!"

Na ɗauko famfon na dawo Funtuwa ina ta masifa ni kaɗai a mota. Daga ranar na fara lura da duk famfon da ya dawo shago gyara. Wanda mai shi ke goyawa da kansa, maɓallin na nan yadda na sa. Wanda ke yawon aro kuwa, kusan duk a naɗe, wani da roba, wani da waya, wani da tsumma. Na zube su gaban Baba na ce ya ga mutanen da nake wa wahala.

Ya ɗaga ɗaya ya juya shi. Ya ce, "Ba su da laifi. Maɓallinki na sakin mutum, amma yana yar da amana. Bahaushe zai yarda fatarsa ta saɓule, ba zai yarda a ce shi ya fasa kayan aro ba. Kada ki ce na zage ku, mu ma haka muke."

Na ce, "To in sauya musu hali?"

Ya ce, "Hali ba ya shiga keke. Ƙarfe ne aikinki."

Kuma ba ni da lokaci. Likita ya ce sabuwar fatar nan kada magani ya sake taɓa ta. Auduga kuwa ba ta san da likita ba, in ta fara ƙwallo ba a yi feshi ba tsutsa ta gama da ita, kuma Yaya ba shi da halin ɗaukar ɗan ƙwadago. Na san shi. Ranar da riga ta iya zama a bayansa, ranar zai goya famfon, kuma zai sake naɗewa. Murfin na gyara, na yanka masa sabuwar roba, amma murfi abin lalacewa ne, in bai saki bana ba ya saki baɗi.

Na koma duba shi da 'yar miyar da Inna ta aiko. Muna zaune a tsakar gida Hinde ta dawo daga niƙa da 'yarta a baya tana barci. Da hannu ɗaya ta kwance majanyi, ɗayan na riƙe da ƙwaryar gari. Yarinyar ba ta faɗo ba. Zanin ne ya sassauta, ta zamo a hankali a cikinsa, ta gangaro, uwar ta ɗan rusuna ta dire ta a tabarma, ko motsi ba ta yi ba. Na ga wannan sau ba iyaka tun ina ƙarama, ban taɓa kallo ba sai ranar.

Na ce, "Anti Hinde, sake goya ta."

Ta ce, "Ke Zulai, lafiyarki? Yanzu na samu ta yi barci."

"Sake dai, don Allah."

"'Yar tawa ce ta zama abin gwaji? In kina son goyo ki yi aure mana, kin tsaya auren guduma."

Ta dai sake, tana zagina. Abin da na gani shi ne, kwancewa daban, saki daban. Majanyi ya kwance, amma zanin bai saki ba, gogar da yake yi a jikinta ita ke riƙe da nauyin har ƙasa.

Da sassafe ina shago. Na ƙara wa kowace igiyar kafaɗa tsawo, na ninke ƙarin na ɓoye a gefen tanki. Na sa maƙeri ya yi mini ɗan ƙarfe mai sanduna kamar ƙaramin tsani, igiyar ta bi ta sama ta bi ta ƙasa a tsakaninsu. Igiyoyin biyu na haɗa su a tsinke guda a ƙirji. In an ja, maɓalli ya buɗe, amma igiya ba za ta kuɓuce ba, sai dai ta riƙa zarewa ta cikin tsanin, tanki ya bi baya ya sauka ya zauna da gindinsa, mutum ya zame kafaɗa ya fita.

A baki ke nan. A aikace, na farko ya sako tanki kamar an jefo shi daga soro. Na ƙara sanda, sai ya ƙi motsi sam, na tsaya a ƙofar shago ina tsalle da tanki a baya mutane na kallo. Na samo daidai a busasshe, na jiƙa igiyar sai ta cije. Na gyara wa jiƙaƙƙiya, na zuba sabulu sai ta zube. Tsofaffin tankunan da na karɓo wurin 'yan gwangwan na fasa su ɗaya bayan ɗaya. Mai shayin da ke gefenmu ya ce tunda kullum sai na yi ambaliya, in shuka shinkafa a ƙofar shago mu raba. Baba bai sa mini hannu ba. Abu ɗaya kawai ya faɗa, ran da na yi jifa da filaya: "Kina gwada shi a cike kullum. Wa ya ce miki murfi sai tanki na cike yake saki?" Na koma gwada shi a cike, da rabi, da ɗan saura. A ƙarshe tazarar sandunan ce ta warware matsalar, da ɗan kaushin da na yi wa ta tsakiya da magagari. A cike ya sauko da hanzari amma ba ya buguwa, da ɗan saura ya sauko a hankali. Kafin ka ja numfashi biyu ya bar bayanka.

Na ɗauki famfon Malam Iro na hau motar Tsiga. Ban kai wa Yaya a gida ba, don na san abin da zai faru: zai ce ya gode, in juya baya ya nemo roba. Kai tsaye na wuce ƙofar gidan Malam Iro, na same shi a gindin dalbejiya da abokan hirarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, alfarma nake nema. A aika a kira Yaya, a cika wannan da ruwa, ya goya a gabanka."

Yaya ya zo, bayansa ya warke har ya sa riga. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya tsuguna can gefe, kai a ƙasa. Ya harare ni ta wutsiyar ido, na yi kamar ban gani ba.

Malam Iro ya ce, "Sabi'u, an ce don kada tankina ya fashe ka bar magani ya ci bayanka?"



Sai Malam Iro ya juyo gare ni. "Zulai, tunda ni ba ya iya amsa mini, ke tambayar mini shi. Tankin nan in ya fashe, na san rumfar da ake sayar da wani a Funtuwa. Mijin Hinde fa, a wace rumfa ake sayar da shi?"

Dattawan suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Irin wannan mai kunyar ai ya ƙare a kasuwa, Malam." Yaya ya ƙara sunkuyar da kai, kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Aka cika tanki. Na shimfiɗa masa tsumma mai laushi a baya, na goya masa, na fito da jan ƙyallen a ƙirjinsa. Na ce, "Yaya, ja."

Hannunsa ya je, ya tsaya. Ya dubi ƙasar wurin, tsakuwa ce. Ya ce a hankali, "Zulai, bari a kawo buhu a shimfiɗa."

Na ce, "A gona wa zai shimfiɗa maka buhu?"

Malam Iro ya ce, "Ja, Sabi'u. Nawa ne. In ya fashe ni na fasa."

Ya runtse ido ya ja. Igiya ta yi ƙara shuuu, tanki ya bi bayansa ya sauka ya zauna daram a kan tsakuwa, ruwan ciki ya yi 'yar girgiza ya tsaya. Yaya na tsaye, igiyoyi sun zube a gwiwar hannunsa, idonsa har yanzu a rufe yana jiran ƙarar fashewa. Malam Iro ya tashi ya karkata tankin ya shafa gindinsa, ya ƙwanƙwasa. Sai ya cire hula ya miƙa wa na kusa da shi ya ce, "A goya mini." Tsohon nan sai da ya ja ya sake ja, ana mayar masa da tsinke yana ja, kamar yaro ya samu abin wasa, har aka kira azahar. Da zan tafi na ciro tsagin robar nan daga jaka na nuna masa. Ya karɓa ya duba, ya mayar mini ya ce, "Tafi da ita. In ta kwana a garin nan wani zai ɗauka."

Tana rataye a ƙusa a saman kekena, ita ce kuke tambaya ta mece ce.

Yaya ya yi feshinsa har ƙarshe, auduga ta yi kyau, bayansa sai tabo. Ya sayi famfon kansa, yanzu shi ake zuwa aro wurinsa. Baba ya bar mini gaban shago, shi yana zaune daga ciki da rediyonsa yana gyara mini Hausa. Aiki na zuwa daga Ɗanja, daga Malumfashi, har daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. Ina ci, ina sawa, ina kai wa Inna cefane, yatsuna duk kanta, kuma ban ga sana'ar da zan musanya da wannan ba.

Sai dai makon jiya wani famfo ya dawo gyaran sanda, da sabon maɓallina a jiki, mai tsanin, an naɗe shi da roba tamau. Na tambayi wanda ya kawo. Ya ce na wan babansa ne, aro ya yi, kuma shi bai taɓa ganin an ja ba. Ban yi masa masifa ba, abin da ya ba Baba mamaki. Na cika tankin da ruwa na goya masa a ƙofar shago, na sa ya kira wan baban nasa a waya, ya ji da kunnensa an ce masa ja.

Don haka na yanke shawara. Na daina miƙa maɓallin nan ta saman tebur. Daga wannan daminar, ranar kasuwa zan riƙa ɗaukar tanki da jarkar ruwa a bayan babur, in bi Ɗanja da Tsiga da duk ƙauyen da famfo ke yawon aro. Ba zan ɗaura wa kowane tanki ba sai mai shi ya tsaya, masu aronsa sun tsaya, kowa ya goya ya ja a gaban idonsa. Wadda ke son koyo a cikinku, ta zo da sassafe ta riƙe mini jarka, in mun dawo ga daro can ƙarƙashin tebur yana jiranta. Almakashina kuwa na cikin jaka. Duk robar da na gani a kan maɓallina, ko a bayan wa take, sai na yanke ta.